Furen Baba a Cikin Hunturu

Na san da yawanku kun saba ganina da labarin soyayya, wanda za a sha kuka a tsakiya a ɗaura aure a ƙarshe. To yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Labarin wani fure ne da na gada a wurin mahaifina, da yadda na kusa kashe shi da hannuna a cikin hunturu ɗaya tak. Wanda ya ga abin bai kai a ɓata takarda a kansa ba ya yi min uzuri, ya ɗan daure ya biyo ni zuwa ƙarshe.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, gadina ne. Ma'ana shi ne mai kula da shuke-shuke a gidan wani Bakwara da ke Nassarawa GRA, wanda yake da masana'anta a Bompai. Mu kuwa gidanmu na Tudun Wada, nan bayan Bompai ɗin. Waɗanda suka taso a wannan yanki a shekarun 1980 za su tuna yadda titi yake cika da kekunan ma'aikata da sassafe, da ƙarar jiniyar canjin aiki, da ƙamshin alewa da warin roba da na jima duk a cakuɗe cikin iska ɗaya. A cikin wannan ayari Baba yake hawa kekensa bayan sallar asuba, da ƙaton almakashinsa ɗaure a kariya. Ba ya dawowa sai bayan la'asar sakaliya, ƙafar wandonsa duk taɓo, tafin hannunsa kamar bayan kuka.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya. Ban taɓa son a san sana'ar Baba ba. A sakandare duk takardar da aka ce mu rubuta sana'ar mahaifi, "ma'aikacin kamfani" nake rubutawa, in lallashi zuciyata da cewa ai ba ƙarya na yi ba tunda mai kamfani ne ke biyansa albashi. Da na gama makaranta na tsunduma rubutu, a lokacin da kasuwar littattafanmu take kan ganiyarta, sai na riƙa gina wa taurarina manya-manyan gidaje a wannan GRA ɗin da Baba yake aiki. Kowane gida da lambunsa, kowane lambu da fulawowi masu ƙamshi, kuma a gefe can akwai wani tsoho "mai ba fulawa ruwa" wanda ban taɓa raɗa masa suna ba. Aikinsa kawai ya russuna ya ce, "Sannu da zuwa ranka ya daɗe," motar Alhaji ta wuce shi. Littafi goma sha ɗaya na rubuta a haka.

Baba ba ya karatun boko, ajami ya iya. Amma duk littafin da na fitar sai ya sa ƙanwata ta karanta masa da daddare, yana kishingiɗe a tabarma yana jan carbi. Bai taɓa ce min uffan kan soyayyar da ke ciki ba. Sau ɗaya kawai ya tanka. Na zo gaishe shi, ya dube ni ya ce, "Uwata, na ji yaron nan ya tsinko wa yarinyar farin fure a tsakiyar sanyi, kin ce har ƙamshinsa ya cika mota. To wa yake ba shi ruwa?"

Na yi dariya na ce, "Kai Baba, ai labari ne."

Ya ce, "Haka ne, labari ne." Ya ci gaba da jan carbinsa.

A 2003 masana'antar maigidansa ta bi sahun sauran da suka durƙushe. Kun dai san labarin, ga rashin wutar lantarki, ga kayan waje masu araha da suka cika kasuwa. Bakwaran ya sayar da gidan ya tattara ya tafi. Ranar da Baba ya yi sallama da lambun da ya yi wa hidima fiye da shekara ashirin, abin da ya dawo da shi gida shi ne ɗan kuɗin sallama da wasu rassa guda biyar naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya kafa su a gwangwanayen madara, biyu suka kama, ɗaya ya rayu. Ya yi ta zaryar neman aiki har Sharaɗa da Challawa, ko'ina sai a ce masa rage mutane ake yi ba ɗauka ba. A ƙarshe ya samu gadi a wani sito a Bompai, wanda da can masana'anta ce. Yakan yi raha ya ce daga gadina ya koma gadi, harafi biyu kawai aka rage masa.

Wannan reshe guda shi ne ya girma a cikin rabin duro a kusurwar tsakar gidanmu, har ya kai ƙirjin mutum. Ganyensa kore shar mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Furensa fari fat, mai laushi kamar auduga, idan ya kwana biyu sai ya koma ruwan madara. Ƙamshinsa kuwa, wallahi idan ya buɗe da magariba har zaure ake jiyo shi. Mu dai "furen Baba" muke ce masa. Inna ce kawai ba ya burge ta. Duk sanda ta shaƙi ƙamshin sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai gauɗe ne ya yi boko." Mukan yi dariya, mun ɗauka kishi take da shi saboda yadda Baba yake tarairayarsa.

Allah Ya yi wa Baba rasuwa a watan Satumba na 2021, ƙarshen damina. Bayan an yi arba'in sai yayyena maza suka yanke shawarar fitar da shago ta wannan kusurwa don Inna ta riƙa samun na cefane. Ban ga laifinsu ba. Aka ce wa zai ɗauki furen? Kowa ya yi shiru. Ni da ban taɓa zuba masa ko moɗa ɗaya ta ruwa ba, sai na ji bakina ya ce, "Ni zan ɗauka." Samari uku suka kinkimi duron suka ɗora a A Daidaita Sahu, na riƙo rassan da hannuna har gidana a Kawaji.

Da muka isa sai na sa aka ajiye shi a fili, daidai inda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi. A raina na ce, Baba ya ɓoye ka a lungu shekara goma sha takwas, yau za ka sha iska kowa ya gan ka. Rashin sani ya fi dare duhu.

Babbar 'yata ce ta ɗauki hotonsa da waya ta bincika a intanet, ta zo da murna ta ce, "Umma, sunansa gadiniya." Na ji gabana ya faɗi, don kusancin sunan da na sana'ar Baba. Na zaci daga kalmar lambu ta Turanci aka samo shi, ashe sunan mutum ne. Wani likita ne ɗan Sukotland mai suna Alexander Garden, wanda ya zauna a garin Charleston na Amurka yana tattara tsirrai, aka karrama shi da sunan a 1761. Asalin itacen kuwa daga kudancin ƙasar Sin ne da Japan da maƙwabtansu, inda ake da ruwan sama da laima sosai. Dangin itacen kofi ne. Mutanen Sin sun daɗe suna fitar da rini ruwan ɗorawa daga 'ya'yansa. Na yi shiru ina tunanin ikon Allah: kayan ƙasar Sin na cikin abin da ya raba Baba da aikinsa, ga shi kuma furen ƙasar Sin ne ya ɗebe masa kewa har ƙarshen rayuwarsa.

Da Disamba ta kama, hazo ya sauko, muka fara rufe tagogi muna neman rigunan sanyi, sai tsoro ya kama ni. Na ce da yarinyar ta bincika min yadda ake raya wannan fure a waje lokacin sanyi. Nan fa bayanai suka yi ta fitowa, duk daga mutanen Amurka da Ingila. Su a wurinsu babban yaƙi ne. Sanyinsu yana sauka ƙasa da sifili, ruwan da ke cikin ƙasa ya daskare, saiwa ta mutu. Don haka suke dasa shi a jikin bangon da rana ke duka, su lulluɓe gindinsa da ɓawon itace da busasshen ganye mai kauri, daren da za a yi jaura su rufe shi da buhu ko bargo. Har irin da ya fi jure sanyi suka ware, akwai wanda suke kira Kleim's Hardy da wani Frostproof, masu iya tsallake sanyin da ya kai maki 10 ƙasa da sifili. Sannan kusan kowa a cikinsu yana nanata abu biyu: idan sanyi ya shigo a daina sa taki, a kuma rage ban-ruwa sosai, don kada saiwa ta ruɓe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi.

Ni kuwa na ce tunda masu dusar ƙanƙara sun faɗa, ai magana ta ƙare. Na rage ruwa zuwa sau ɗaya a mako. Da daddare in lulluɓe shi da tsohon bargo, da safe in yaye in bar shi a fili, iska na kaɗa shi tana zuba masa ƙura har yamma. Ruwan da nake ba shi na rijiyar burtsatse ne da 'yan garuwa ke kawo mana, wani lokacin ma yara su juye masa ruwan wanke-wanke ban hana ba. Da na ga wasu 'yan fararen ƙwari a bayan ganyen, maƙwabciyata ta ce toka ce maganinsu, haka suke yi wa yakuwa da kuɓewa a garinsu. Na kwaso tokar murhu cikin kwano biyu na barbaɗe ganyen, ragowar na juye a gindin.

Kafin tsakiyar Janairun 2022 furen Baba ya zama abin tausayi. 'Yan ƙullin furen da ya fara yi duk suka zube ba ko ɗaya da ya buɗe. Sababbin ganyen suka koma ɗorawa, jijiyoyinsu kawai suka rage kore. Tsofaffin kuma bakinsu ya ƙone ya nannaɗe, in ka taɓa sai su karye kamar ƙanzo. Kullum da safe sai na share ganye a gindinsa. Wata asuba na fito alwala na haska shi da fitila, na ƙirga ganyen da suka rage ba su kai talatin ba. A nan na durƙusa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Baba. Maigidana ya fito ya tsaya a kaina, ya rasa abin da zai ce, can ya ce, "Ki yi haƙuri, in an jima sai in sayo miki wani." Na ce masa ba wani nake so ba. Wannan ne kaɗai abu mai rai da ya rage wanda hannun Baba ya raina, in ban da mu 'ya'yansa.

Inna ce ta tuna min da wani tsohon abokin Baba, cikin masu sayar da shuke-shuke a bakin titi a Nassarawa GRA. Tare suka yi aikin gidajen Turawa da Kwarori tun suna samari. Na yanko reshe ɗaya na ɗauki hotuna na tafi. Na same shi zaune a kan benci cikin tukwanen furanni, ya naɗe kansa da rawani saboda ƙura. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa ko ni 'yar wace ce. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, sannan ya karɓi reshen ya kankare ɓawon da farcensa. Ya nuna min ya ce, "Kin ga kore a ciki? Da sauran ransa. Faɗa min duk abin da kika yi masa, 'yata, kada ki rage komai."

Na zayyana masa tas. Da na zo kan maganar toka sai ya dafe kai ya ce, "Subhanallahi! Ke ba kya girki ne?"

Na ce, "Ina yi mana, Baba."

Ya ce, "In miya ta yi tsami me kike sa mata?"

Na ce, "Kanwa."

"In babu kanwa fa, me iyayenku suke sawa a ƙauye?"

Na ce, "Ruwan toka."

Ya ce, "To shi wannan itace ƙasa mai ɗan tsami yake so, ita ce abincinsa. Ke kuma kin kashe tsamin da toka, kin bi da ruwan sabulu, kin ƙara da ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a bakin tukunya. Yana zaune a kan abinci amma an ɗaure masa baki. Shi ya sa ganyen ya yi ɗorawa."

Daga baya 'yata ta tabbatar min da maganarsa a rubuce. Masana suna auna tsamin ƙasa da ma'auni mai hawa 14, inda 7 ne tsakiya. Gadiniya tana son wajen 5 zuwa 6, tokar itace kuwa tana haura 10. Idan ƙasa ta yi kanwa-kanwa, sinadarin ƙarfen da ke cikinta ba ya narkewa yadda saiwa za ta iya sha, kuma da shi ganye yake yin kore. Abin da tsohon nan ya faɗa min da kanwa da miya, shi ne dai suka rubuta da lambobi.

Da na kawo masa maganar Turawa ta rage ruwa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ba su yi ƙarya ba, amma sanyi suna ya tara. Nasu sanyin da ruwa yake zuwa, namu da ƙishirwa yake zuwa. Dubi leɓenki, dubi dugaduganki. Sanyi ne ya tsaga su ko bushewa? Tunda nake a Kano ban taɓa ganin ruwan randa ya daskare ba. Wannan furen sanyin darenmu daɗi ma yake masa, da shi yake ƙulla fure. Iskar ce take kashe shi. Ke kin rufa masa bargo da daddare lokacin da ba ya buƙata, kin yaye da rana lokacin da iska take tsotse shi."

Wallahi mai karatu, ji na yi kamar an yaye min wani labule. Gaskiya ne, a Kano sanyin dare a Disamba da Janairu yakan tsaya ne wajen maki 12 zuwa 14, da rana kuma ya haura har kusan 30. Bai kai ko kusa da abin da zai daskarar da saiwa ba. Amma laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali wannan itace ya fito ne daga ƙasar da iskarta take jiƙe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Ni kuma na ɗauko shi daga lungu na kafa shi a bakin hanyarta, na kuma hana shi ruwa.

A cikin A Daidaita Sahu ina komawa gida, abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Kusurwar da Baba ya ajiye duron, wadda na ɗauka ɓoyo ne, bango ne ta gabas da arewa ya tare mata iska, ga inuwar darbejiyar maƙwabta da ke sauka a kanta da azahar. Durorin nan biyu da yake tara ruwan indararo da damina ya rufe da kwano ya ɗora dutse, ya hana kowa taɓawa har Inna tana mita, ashe ruwan rani yake tanadar masa. Zuwan da yake yi wurin mai shayin bakin layi da 'yar roba yana karɓo dafaffen ganyen shayi, muna jin kunya muna cewa Baba yana kwasar shara. Zanar da yake kafawa duk shekara idan an gama kaka. Jiƙaƙƙen buhun algarara da yake ratayawa a jikin zanar. Yadda yake cika bakin buta da yatsa yana fesa wa ganyen ruwa bayan sallar asuba, kafin ya tafi wurin gadi. Na tuna ma wata shekara da ruwan duron ya ƙare, wani ya ce ya ɗebo a rafin Getsi tunda masu lambu da shi suke ban-ruwa. Baba ya ce ruwan da ya kwaso dattin masana'antun Bompai, yau ja gobe shuɗi, ba zai zuba wa abin da yake so ba. Duk wannan a gaban idona aka yi shi shekara goma sha takwas, ina shiga ina fita da takarduna a hannu, ina rubuta lambunan da ba mai ba su ruwa.

A ranar na sa aka ja duron zuwa bayan ɗakin girki inda bango ya kare. Na kwashe ƙasar sama da tokar duka, a hankali don saiwarsa ba ta da zurfi, na zuba sabuwa wadda tsohon ya haɗa min da ruɓaɓɓen ganye. Na wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi, ƙwarin na goge su da hannu. Na sayo zana na kafa, na rataya buhu ina jiƙa shi safe da yamma. Na rufe gindin da busasshen ganyen mangwaro da na shayi don ƙasar ta riƙe danshi. Tunda ba ruwan sama a Janairu, sai ya ce in riƙa jiƙa 'yar tsamiya kaɗan a bokiti, yadda da ƙyar harshe zai ji, in tace in ba shi. Ya ce kada in bi kwanan wata wajen ban-ruwa, in tura yatsa cikin ƙasar, in na ji ta fara bushewa in ba shi, in da danshi in ƙyale shi. Taki kuwa ya ce kada in kuskura sai ruwa ya sauka, a nan dai bakinsu ya zo ɗaya da Turawan. Haka ma maganar rufe gindi da kare shi daga iska, duk sun yi daidai. Ruwan ne kawai da bargon na ɗauko daga wata ƙasa na kawo inda ba wurinsu ba.

Wata biyu bai nuna min komai ba. Bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Sanyi ya wuce, zafin Afrilu ya shigo da maki 40 ɗinsa, na ƙara masa rumfa ta sama. Akwai daren da na tashi ƙarfe biyu na fita duba shi kamar mai jinyar yaro, har maigidan yana tsokanata wai ya samu abokin takara. Sai a ƙarshen Mayu na ga wasu 'yan tsirarun toho a jikin reshen da na riga na cire rai da shi. Da ruwa ya sauka a Yuni na fito da duk wata roba da bokiti na tara, na sayi duro biyu na cika na rufe na ɗora dutse. Da yarana suka zo ɗiba na daka musu tsawa, sai na ji muryar Baba ce ta fito daga bakina.

A watan Yuli ya yi fure uku. Uku kacal, shi da yake yin fiye da ashirin a hannun Baba. Na tsinki ɗaya na sa a kofi da ɗan ruwa na kai wa Inna Tudun Wada. Ta karɓa ta shaƙa, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Gauɗen nan dai bai mutu ba."

A ranar ne na zauna na tambaye ta mene ne gauɗen nan da take ta faɗa. Ta ce wani ɗan itace ne gajere mai taurin rassa da ke dajin garinsu a kudancin Kano. Yana shan rani da hunturu ba mai ba shi ruwa, wuta ma ta bi ta kansa ya sake tohowa. Gab da damina sai ya yi farin fure mai ƙamshi, wanda yake komawa ɗorawa in ya kwana biyu. Da 'ya'yansa suke haɗa katambiri suna zane a fuska lokacin suna 'yan mata, rassansa kuma a yi shinge da su. Ta ce ranar da Baba ya fara zuwa zance wurinta, da zanen gauɗe a goshinta ya same ta.

Na sa 'yata ta sake bincikawa. Ashe Inna ba kishi take ba, gaskiya take faɗa. Gauɗe da gadiniya 'yan gida ɗaya ne, a littattafan masana suna ɗaya suke amsawa. Akwai irinsu da dama a dazukanmu, har da wanda masanan suka laƙaba wa sunan Sakkwato. Wani abin da ya ƙara ba ni mamaki, a jihar Fulorida ta Amurka masu renon wannan fure sukan yi masa aure, irin yadda muke yi wa mangwaro, su ɗora shi a kan gindin wani ɗan'uwansa na Afirka ta Kudu saboda saiwarsa ta fi jure tsutsar ƙasa. Wato furen da na ɗauka na gidan masu kuɗi ne, wanda na riƙa ba wa taurarina don su yi kama da na finafinan Indiya, danginsa na nan a bayan garin su Inna, har ta yi kwalliya da shi. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane shi da hanci tun ranar farko.

Yanzu furen ya ga hunturu da dama a hannuna, kuma duk damina ina yanko rassa in kafa a gwangwani yadda Baba yake yi. Na ba ƙanwata ɗaya, na mayar da ɗaya gidanmu na Tudun Wada, yana nan a bayan shagon. Na kuma roƙi wani ɗan'uwan Inna ya haƙo min ɗan gauɗe daga daji, ina so in dasa su kusa da juna in ga yadda za su yi.

Ga 'yan'uwana mata masu sha'awar shuka wannan fure a nan arewa, ga abin da na koya da hawayena. Ku nema masa inda bango ya tare iskar gabas da arewa, rana ta same shi da safe inuwa ta rufe shi da azahar. Ku tara masa ruwan sama tun damina. Kada toka ko ruwan sabulu su kusance shi. Da hunturu ku rufe gindinsa da busasshen ganye, ku wanke masa ƙura, kada ku bar ƙasarsa ta bushe ƙaƙas. Waɗanda kuma aure ko karatu ya kai su ƙasashen ƙanƙara, su bi shawarar mutanen can, don su suka san sanyinsu.

Littafin da nake rubutawa yanzu ma akwai babban gida a GRA, akwai lambu, akwai Alhaji da motarsa. Amma a babi na farko tsohon da ke ba fulawa ruwa shi ne ya fara magana, yana da suna, yana da mata da 'ya'ya, yana kuma da wata 'ya mai rawar kai da ba ta son a san sana'arsa. Na so a ce ƙanwata za ta karanta wa Baba shi a kan tabarma. Tambayar da ya yi min ce dai nake ƙoƙarin amsawa, ko da na makara.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa mahaifina a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya zama dausayi daga dausayoyin Aljanna, Ya jiƙan dukkan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda suke raye kuma Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna ji suna gani. Amin.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu na mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, 'yar gadina.